Tabarmar Ƙarƙashin Gado: Dokokin Lafiya Da Gidajen Katsina

Daren da hawan jini ya kayar da Innarmu a bakin murhu ya shanye mata ɓarin dama, muna isa asibiti aka ba mu gado, tambayar farko da ma'aikaciyar jinya ta yi mana ita ce, "Wa zai kwana da ita?" Yayata ta ce ita ce. Ta bar yara biyar a gida, ƙaraminsu bai daɗe da yaye ba, ta bar kaskon awarar da take soyawa kullum da yamma a ƙofar gida, ta shimfiɗa tabarma a ƙasan gadon Inna. Kwana goma sha tara ta yi a kan wannan tabarma. Ita ke juya Inna daga wannan gefe zuwa wancan don kada bayanta ya yi gyambo, ita ke kai fo ta wanke, ita ke ba ta kunu cokali-cokali tana jira ta haɗiye, ita ke zuba wa ledar ƙarin ruwa ido ta ruga ta kira nas kafin ta ƙare. Idan an rubuta magani ita ke sauka ta tsallaka titi zuwa kemis. Da ka leƙa ɗakin da tsakar dare, za ka ga kowane gado da tabarmarsa a ƙasa, kowace tabarma da mace a kanta.

Washegari yayanmu, wanda ke aikin gwamnatin tarayya, ya zo da katin inshorar lafiyarsa a aljihu yana ganin sauƙi ya samu. Aka duba, aka yi masa bayani cikin mutunci cewa katin nasa ne, da matarsa, da 'ya'yansa huɗu. Uwar da ta haife shi ba ta ciki. Ya daɗe yana juya katin a hannunsa, sannan ya ce da ni, "Ka kira mani ƙanin Baba, a ga abin da za a yi da tumakin nan." Tun daga ranar nake bibiyar dokokin da aka yi a kan kiwon lafiya a ƙasar nan, ina auna su da abin da na gani a wancan ɗaki.

Dokokin suna nan, kuma ba ƙanana ba ne. An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, wanda aka fi sani da NHIS, da dokar 1999, ya fara aiki sosai a 2005 zamanin Obasanjo. Shiga cikinsa ba dole ba ce, don haka ya tsaya kusan a kan ma'aikatan gwamnatin tarayya da na manyan kamfanoni. A 2014 Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce duk shekara a zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar ta ma faɗi yadda za a raba: rabi a biya wa mutane kuɗin magani ta hanyar inshora, kashi 20 a sayi magunguna da alluran rigakafi, kashi 15 a gyara gine-gine da kayan aiki da sufuri, kashi 10 a kan ma'aikata, kashi 5 a kan taimakon gaggawa. Sai da aka shekara huɗu kafin kuɗin ya shiga kasafi, a 2018, kimanin naira biliyan 55. A watan Mayun 2022 kuma Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da NHIS hukumar NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma kafa asusun masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu juna biyu, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da waɗanda ba su da galihu. A wurin sa hannun an ambaci mutum miliyan 83. A nan gida, zamanin gwamna Aminu Bello Masari aka kafa hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, kuma ta hannun irin waɗannan hukumomi na jihohi kuɗin talakawa ke bi.

Sunan taimakekeniya da aka zaɓa yana da dalili. Mutanenmu da yawa suna ƙyamar kalmar inshora saboda shubuhar riba da caca, malamai kuma sun daɗe suna bambanta inshorar kasuwanci da wadda jama'a ke tara kuɗi don su ɗauki nauyin junansu. Wannan ta biyun ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ita ce adashe, ita ce asusun zumunci da dangi ke tarawa duk wata, ita ce gudummawar da 'yan dubiya ke cusawa ƙarƙashin matashin mara lafiya. Tushen shirin ya dace da mu. Inda gizo ke saƙa shi ne awon da aka yi wa gida.

Ƙa'idar ma'aikata a shirin ƙasa ita ce mutum ɗaya, abokin aure ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Mutum shida ke nan. A ɗauki wannan awo a kai shi Ƙofar Sauri ko Rafin Daɗi ko wata unguwa a cikin Daura, a ga gida nawa zai shiga cikinsa ba a datse shi ba. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya tara, ga mahaifiyarsa a ɗakin tsakar gida, ga marayu biyu na ɗan'uwansa da 'yan bindiga suka kashe a ƙauyen Batsari, wa zai rubuta wa zai bari? Ana iya ƙara mutum a kati idan za a biya ƙarin kuɗi, amma mai ƙaramin albashi a wannan zamani, da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, sau da yawa ba ya iyawa, wani ma bai san ana yi ba. Sai ya zauna da takarda a gabansa yana rabon abin da addini ya ce masa ya yi adalci a kansa. Idan ya sa uwargida, amarya ce ke kan haihuwa, ita ta fi bukatar awo da ɗakin haihuwa. Idan ya sa amarya, uwargida ce mai ciwon suga. Idan ya raba 'ya'yan biyu-biyu tsakanin ɗakuna, yaron da ke da sikila yana iya zama na biyar. Na san gidan da wannan takarda ta tayar da rigimar da sai da manya suka shiga, domin matar da aka bari ba ta ɗauke shi maganar kuɗin magani ba, ta ɗauke shi shaidar matsayinta a wurin miji. Wanda ya tsara fom ɗin bai yi nufin haka ba, amma abin da fom ɗin ke yi ke nan idan ya shigo gida irin namu.

Daga nan wata ɗabi'a ke fitowa wadda kowa ya sani, kowa kuma ya kan kau da kai. Yaron da ba ya cikin kati ya kwanta da zazzaɓi, sai a ɗauke shi a kai shi da sunan ɗan'uwansa da ke ciki. Ban ga laifin uwar da ta yi haka da tsakar dare ba, amma haɗarin babba ne. Fayil ɗin yaro ɗaya ya zama na yara uku. Rukunin jinin da aka rubuta na wani ne, tarihin maganin da jikinsa ba ya so na wani ne, nauyin da aka auna wancan watan na wani ne. Ranar da aka buƙaci ƙarin jini cikin gaggawa, ko likita ya dogara da abin da ke rubuce ya auna magani, wannan ruɗani na iya cin rai. Ga kuma yaro da aka koya wa ya amsa sunan da ba nasa ba a gaban likita.

Maganar iyaye ta fi ci mini rai. A al'adarmu da addininmu, nauyin tsoho yana kan ɗansa, kuma tsoho shi ya fi kowa cin magani a gida: hawan jini, suga, ciwon gwiwa, yanar ido, matsalar fitsari. Tsarin ya ɗauki yara masu ƙoshin lafiya, waɗanda kuɗin maganinsu bai taka kara ya karya ba, ya bar tsohuwar da ke shan ƙwaya uku kullum har ƙarshen rayuwarta. Ta fuskar lissafin asusu an gane dalili, domin idan aka kwaso duk tsofaffi lokaci ɗaya ba tare da ƙarin kuɗi ba asusun zai durƙushe. Dokar 2022 ta yi ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka da ta sa tsofaffi cikin masu rauni. To amma uwar ma'aikaci ta faɗa tsakiya: katin ɗanta bai ɗauke ta ba, masu tantance talakawa kuma suna iya ganin tana da ɗa mai albashi su tsallake ta.

Duk wannan maganar masu albashi ce, su kuwa 'yan kaɗan ne a jihar da yawancin mutanenta manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Manomin Mai'adua ko mai facin taya a Funtua ba shi da albashin da za a cira. Doka ta ce inshora wajibi ce a kansa, amma wajabcin da ba a iya tilastawa ba ya wuce takarda. Ko dai ya ɗauki kuɗi da hannunsa ya biya na shekara tun yana lafiya lau, abin da ke da wuya ga wanda ke neman na cefanen yau, ko kuma ya yi sa'a sunansa ya shiga cikin waɗanda asusun gwamnati ke biya wa. A faɗin ƙasar, waɗanda ke cikin inshorar lafiya kimanin miliyan 20 ne daga cikin mutum sama da miliyan 200. Shi ya sa har yau sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. A gidajenmu aljihun nan yana nufin akuyar mace, ɗan kunnenta, buhun geron da aka ajiye don bazara, wani lokaci jinginar da gona. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 na kasafi. Gwamnatin tarayya, wadda a gidanta aka yi alkawarin, yawanci a wajen kashi 5 take tsayawa.

Ba zan ce asusun matakin farko bai yi komai ba, don na ga aikinsa. Manufarsa a samu asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa, mu kuwa muna da mazaɓu 361 a ƙananan hukumomi 34, kuma gwamnatin Dikko Umaru Radda ta sa gyaran waɗannan asibitoci cikin abin da ta ce za ta yi. Sabon abin da asusun ya kawo shi ne tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun bankin asibitin mazaɓa, kimanin naira 300,000 duk wata uku a farkon shirin, tare da kwamitin mutanen gari da ke sa ido. Kuɗin kaɗan ne, amma a wurin da a da ko fitila babu, ya isa a gyara famfo, a sayi safar hannu da maganin zazzaɓi, a biya mai shara. Matar da a da sai ta hau mashin ta yi tafiya mai nisa kafin a yi mata awo, yanzu tana iya takawa da ƙafa, ta dawo ta ɗora girki. Ga mai jinya, kusancin asibiti shi kansa magani ne, domin kowace tafiya zuwa birni kuɗin mota ce ta mutum biyu, da abincin mutum biyu, da yinin da aka rasa.

Sai dai yadda ake biyan asibitoci yana da tasirin da iyali ke ji a jikinsu ba tare da sun san daga ina ya fito ba. A matakin farko ana ba asibiti wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ko ya zo ko bai zo ba. Shekaru da yawa wannan kuɗi naira 750 ne a shirin ƙasa, sai kwanan nan aka ƙara. A cikin waɗannan shekaru naira ta faɗi, an cire tallafin mai a 2023, wasu manyan kamfanonin magani sun tattara sun bar ƙasar, farashin magani ya ninka. Asibitin da ke karɓar kuɗin jiya yana sayen magani da farashin yau ba shi da mafita da yawa. Daga nan ake samun amsar da duk mai kati ya sani: "Wannan babu shi, sai dai ku sayo a waje." A ƙa'ida ma'aikaci kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai zai biya, amma kashi 10 na maganin da babu shi a kanta ba ya rage komai. Idan kuma ciwon ya fi ƙarfin matakin farko aka tura mutum gaba, sai an jira lambar izini daga kamfanin da ke tsakanin hukumar inshora da asibiti. Mara lafiya yana kwance, mai jinya ce ke zaune a benci da waya a hannu tana jiran lamba. A 2025 hukumar NHIA ta umarci kamfanonin su riƙa bayar da lambar cikin awa ɗaya, wanda ya nuna ita ma ta san daɗewar da ake yi.

Akwai sashe na 20 na dokar 2014 da ya kamata kowane magidanci ya haddace. Ya ce babu ma'aikacin lafiya ko asibitin da ke da ikon ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya saɓa kuma yana iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. A 2017 aka ƙara da dokar da ta wajabta karɓar wanda aka harba da bindiga a yi masa magani nan take, ba sai an jira takardar 'yan sanda ko an ajiye kuɗi ba. A jihar da mutanen Jibiya, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suka sha ɗauko 'yan'uwansu cikin jini a bayan mashin, wannan doka ta shafe mu fiye da yawancin jihohi. Amma doka ta hana kora ne, ba ta sa kaya a cikin kabad ba. Likita zai karɓi mara lafiya da zuciya ɗaya, sannan ya miƙa wa ɗan'uwansa takarda: ledar ruwa, zaren ɗinki, auduga, allurar kashe zafi, a kuma nemo mai ba da jini. Kashi 5 da aka ware wa gaggawa shi ya kamata ya cike wannan gurbi, kuma har yanzu bai kai ko'ina ba idan aka kwatanta da buƙata. Haka maganar haihuwa. A ƙarshen 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali a asibitocin da aka zaɓa, a ƙasar da ke ɗauke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wurin haihuwa a duniya. Mataki ne mai kyau ƙwarai. Amfaninsa ga matar da naƙuda ta tsaya mata a ƙauye ya dogara da ko mijinta ya ji labarin, ko akwai motar da za ta fito da ita da dare, ko hanyar tana biyuwa.

Yanzu in koma kan tabarma. A duk dokokin nan an yi maganar mara lafiya, an yi ta likita da nas da mai harhaɗa magani, an yi ta asibiti da kamfani da hukuma. Wadda ba a ba ta wani matsayi ba ita ce wadda ke kwana a ƙasan gado, alhali da ita aka gina tsarin. Ma'aikaciyar jinya ɗaya ko biyu ke riƙe da ɗaki guda da dare, ga ƙwararru suna ta ficewa ƙasashen waje, don haka wanka da ciyarwa da juyawa da wanki duk an bar wa dangi, kuma da za a ce yau duk masu jinya su tashi su tafi gida, babu asibitin gwamnati a jihar nan da zai kai safiya lafiya. Aikin da ake biyan ma'aikaci albashi a kansa a wasu ƙasashe, a nan 'yar mara lafiya ce ke yinsa kyauta, ko matarsa, ko surukarsa, ko jikarsa.

Kyauta ne a littafin gwamnati, amma akwai mai biya. Yayata ta dawo gida ta tarar jarin awararta ya tafi a kuɗin hawa kurkura, wato keke mai ƙafa uku, da abincin asibiti, masu sayenta sun koma wurin wata. Babbar 'yarta, da ke aji biyu na ƙaramar sakandare, ita ta riƙe gida duk tsawon kwanakin, ta rasa jarrabawar zangon. Ita kanta yayar tawa ta dawo da ciwon baya na ɗaga Inna da tarin da ta kwaso a ɗakin. Babu wanda ya auna ta, don ba ita aka kwantar ba. Idan mai jinyar ma'aikaciya ce, dokar ƙwadago ta san hutun haihuwa, ta san hutun wanda shi kansa ba shi da lafiya, amma ba ta tanadi hutun jinyar uwa ko miji ba, sai dai ta ci hutunta na shekara ko ta dogara da tausayin shugabanta. A cibiyoyin da ƙungiyar likitoci ta MSF ke kula da yara masu tamowa a Katsina tun 2021, uwa ce ke kwana da yaron da aka kwantar, sauran 'ya'yanta suna can gida a hannun maƙwabta ko kishiya. Idan ta matsa a sallame su kafin yaron ya warware, sai a ce jahilci ne, ita kuwa lissafin yara huɗun da ta baro take yi.

Mun saba mu ce jinya lada ce, kuma gaskiya ne, ban taɓa jin yayata ta yi ƙorafi ba, abin da take cewa kawai shi ne, "Inna ce fa, in ban yi mata ba wa zan yi mawa?" Amma ladar da Allah zai ba ta ba ta sauke nauyin da ke kan hukuma ba, ba ta kuma sauke wanda ke kanmu mu maza na gidan ba. Mu kan biya kuɗin magani, mu zo dubiya bayan la'asar, mu tsaya a bakin gado mu yi addu'a mu tafi, muna ganin mun yi namu. Mun yi wani abu, amma dare na wadda muka bari ne.

Jinya mafi tsawo kuma bayan sallama take farawa. Kwanakin kwanciya da inshora ke biya suna da iyaka a shekara, cututtuka masu cin dogon lokaci kamar wankin ƙoda da ciwon daji ba a ɗauke su gaba ɗaya ba, kulawar cikin gida kuwa ba ta cikin lissafi sam. Mai shanyewar ɓarin jiki na iya shekara biyar a ɗaki. An sallame mu da takardar magani da ranar dawowa, ba wanda ya zaunar da yayata ya nuna mata yadda ake motsa hannun da ya mutu don kada ya sandare, ko yadda ake zaunar da mai wahalar haɗiya don kada abinci ya bi ta hanyar numfashi. Wata tsohuwar nas a unguwarmu ce ta shigo don zumunci ta koya mata. Abin da ta koya mata cikin awa ɗaya ya fi wasu magungunan da muka saya amfani.

Inda rashin kula da iyali ya fi muni shi ne taɓin hankali da shaye-shaye. Mutanen jihar nan ba su manta da watan Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka shiga wasu gidajen mari a Daura da cikin Katsina suka fito da mutane da sarƙa a ƙafa. Abin da aka gani ya girgiza kowa, kuma daidai ne da aka rufe wuraren. Amma yawancin waɗanda ke ciki iyayensu ne suka kai su da hannunsu, bayan sun gaji, sun rasa inda za su nufa da yaron da ke fasa kaya yana dukan ƙannensa. A farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka, ta kare mutuncin mai wannan lalura daga wulaƙanci da tsarewa ba bisa ƙa'ida ba. Dokar ta gaya wa uwa abin da bai halatta a yi wa ɗanta ba. Idan babu likitan ƙwaƙwalwa kusa, babu maganin a asibitin mazaɓa, babu mai zuwa gida ya duba su, uwar na nan da ɗanta a ɗaki ɗaya, kuma da yawa sun koma kulle ƙofa daga waje.

A ganina gyaran da ya fi gaggawa ba ya buƙatar sabuwar doka daga Abuja. Hukumar jiha tana da ikon tsara kunshin iyali da ya yi kama da gidajenmu, a ƙirga mutanen da ke ci daga tukunya ɗaya, a sa farashi mai sauƙi a kan ƙarin mata da 'ya'ya da iyaye da marayun riƙo, a riƙa karɓa kaɗan-kaɗan, manomi kuma a karɓi nasa da kaka lokacin da yake da abin hannu. Masu fitar da zakka da masu waƙafi, da attajiran da ke biya wa marasa lafiya bashin asibiti da azumi, suna iya biya wa gidajen marayu da zawarawa kuɗin shekara tun kafin ciwo ya zo, kuɗin da ke fitar da mutum ɗaya daga asibiti zai ishi gidaje da dama. A asibiti kuma a mayar da koyar da mai jinya wani sashe na sallama, kamar yadda rubuta magani yake, a tanadar musu wurin kwana da banɗaki da ruwa, a auna jininsu su ma tunda ga su a wurin. Ma'aikatan lafiya na unguwa da ke bi gida-gida don rigakafi sun riga sun san kowane zaure, ana iya ƙara musu horo da alawus su riƙa leƙa tsofaffin da ke kwance. Kuma a sanar da mutane haƙƙinsu da Hausa, a rediyo da masallatai da gidajen biki, domin yayanmu mai ilimin boko ne, amma sai a bakin gadon Inna ya san abin da katinsa ya ƙunsa.

Inna tana nan da rai, tana zama da kanta yanzu, tana cin abinci da hannun hagu. Bayan abin da ya faru mun zauna mun raba kwana: yayata ta riƙe yini uku, matan yayyena suka karɓi sauran, ni da ƙanina muke ɗaga ta mu fito da ita tsakar gida da safe mu motsa mata ƙafa kafin mu fita. Mun haɗa wa yayata jarinta ta koma bakin kasko, 'yarta kuma ta maimaita ajin. Yayanmu ya je ofis ya tambayi yadda ake ƙara mahaifiya a kati, an ba shi fom ya cike, an ce ya kawo lambarta ta ɗan ƙasa da hotonta. Inna ba ta taɓa yin katin ɗan ƙasa ba, kuma yinsa sai an kai ta da kanta an ɗauki hoton yatsunta, don haka muna neman ranar da za mu samu mota da mutum biyu masu ƙarfi mu kai ta.